Hajiya, wayoyin nan huɗu injinsu ɗaya ne: ga inda suka bambanta

Wata Hajiya daga Zariya ce ta aiko da tambaya. Tana sayar da atamfa da leshi da mayafai ta WhatsApp da Instagram. Wayar da ke hannunta ta shekara huɗu, ma'ajiyarta gig 64 ce kuma ta cika, kullum sai ta goge tsofaffin hotuna kafin ta ɗauki sababbi. Caji ba ya kai ta la'asar. Ga kwastomomi suna ƙorafin cewa kalar da suka gani a hoto ba ita ce ta iso musu ba. Ta tanadi kusan naira 300,000. A shago an nuna mata waya huɗu: Samsung Galaxy A16, Redmi Note 14, Tecno Camon 30 da Infinix Note 40. Ƙanenta kuma ya dage ta bar su duka ta sayi iPhone 11 ta hannu. Tana so a faɗa mata wacce za ta ɗauka.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ni sana'ata gyaran waya ce a Kano. Mai shago yana ganin waya ne ranar da take amarya a cikin kwali, mu kuwa sai ta shekara biyu ko uku a hannun mutum, ta sha zafi ta sha ƙura ta faɗi sau da yawa, sannan take zuwa teburinmu. Da wannan idon zan ba ki amsa, tunda ke ma kin nuna ba mai canza waya duk shekara ba ce.

Abu na farko da ba lallai a faɗa miki a shago ba shi ne, wayoyin nan huɗu, in dai masu 4G ne, firosesa ɗaya ce a cikinsu. Firosesa ita ce injin da ke juya komai a waya. Sunanta Helio G99, ta kamfanin MediaTek na Taiwan, ta fito a 2022. Samsung ya bar ta da sunanta, Redmi ya kira tasa G99 Ultra, Tecno da Infinix suka ce G99 Ultimate. Duk kanwar ja ce. Har G100 da ke cikin Camon 40 da Note 50 na 2025 ginin G99 ne aka ɗan taɓa. Saboda haka in wani ya rantse miki cewa ɗaya daga cikinsu ta ninka sauran gudu, bai san abin da ke cikin fanel, wato allon da kayan cikin waya ke zaune a kai, ba. Injin kuma mai kyau ne a wannan farashin. An ƙera shi a ma'aunin nanomita 6, wato ba ya cin batir sosai kuma ba ya saurin ɗaukar zafi. WhatsApp, Instagram, manhajar banki, yanka ɗan gajeren bidiyo, duk zai yi miki su ba tare da maƙalewa ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ɗaukar bidiyon 4K da manyan wasannin da samari ke bugawa, ke kuma ba su ne gabanki ba.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne kada a ba ki ƙasa da wannan injin a wannan kuɗin. Akwai wayoyin da kwalinsu da sunansu suke kama da na yayyensu, amma Helio G85 ko G88 ko Unisoc T606 ne a ciki, waɗanda duk 'yan nanomita 12 ne, tsofaffin gini. Misali a gida ɗaya, Camon 20 zalla G85 gare ta, Camon 20 Pro kuma G99. Harafi uku ne ya raba sunansu, amma bayan shekara biyu ɗaya za ta fara nauyi ɗayar tana nan daram. Ki juya bayan kwali ki karanta sunan firosesa da kanki, ko ki sa ƙanen naki ya karanta miki.

Sai maganar RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da kike aiki da su a lokacin, wadda a nan ake yawan ruɗa mutane. Za ki ga an rubuta 16GB da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma da ƙanana an sa 8+8. Takwas ɗin farko ne RAM na gaskiya. Na biyun aro ne da wayar ke yi daga ma'ajiyarta, kuma ma'ajiya ba ta kai RAM sauri ko kusa ba. Kamar mai shago ne da ke lissafa sito a cikin faɗin kantarsa: kayan suna nan, amma sai an tashi an je an ɗauko. Ki riƙa ƙirga lambar farko kawai. Ga irin aikinki, inda za ki fita daga WhatsApp ki leƙa banki ki ga ko kuɗi sun shigo, ki dawo ki buɗe hotuna ki tura wa wata, gig 4 ya yi kaɗan. Kullum za ki dawo ki tarar manhajar ta rufe kanta tana sake lodi. Gig 6 zai wadatar, 8 ya fi kwanciyar hankali. Wannan ya fi shafar A16, domin akwai mai gig 4 a kasuwa, ita ce mafi araha, kuma ita aka fi miƙo wa mutum in ya ce Samsung yake so. Tsarin Samsung yana da nauyi, a kan gig 4 ba ya sakewa. Na sha karɓar irinta daga hannun wanda ya zaci lalacewa ta yi, alhali lafiyarta ƙalau, numfashi ne kawai bai ishe ta ba.

Ma'ajiya kuwa, tunda kin ɗanɗani wahalar 64, kada ki sauka ƙasa da 128, in da hali ki kama 256. Camon 30 da Note 40 sun zo da 256 tun daga kwali, wannan babban maki ne gare su. A16 da Redmi Note 14 suna da wurin sa memori, to ko kin ɗauki mai 128 za ki iya kwashe tsofaffin hotunan kaya ki zuba a can. Amma ki sani, ba hotunan da kike ɗauka ne suka fi cika miki waya ba, bidiyoyin guruf ne da ke sauka da kansu: na 'yan uwa, na makaranta, na biki, na dillalai. Ki shiga saitin WhatsApp ki hana bidiyo sauka sai kin taɓa. Za ki ga data ma ta fara yi miki auki, ga shi tun farkon 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data kowa yana ji a jikinsa.

Yanzu bari mu zauna a kan kyamara, don ita ce jarinki.

Redmi Note 14 da Infinix Note 40 an rubuta musu megafiksel 108. A16 da Camon 30 kuma 50. Wanda bai sani ba zai ce na farkon sun ninka na biyun kyau. Ba haka abin yake ba. Kyamarar 108 ɗin, in kin ɗauki hoto yadda aka saba, tana haɗe ɗigo tara-tara ne su zama ɗaya, hoton ya fito a megafiksel 12. Mai 50 kuma tana haɗe huɗu-huɗu, ya fito 12 da rabi. Kin ga sun haɗu a wuri guda. Daga nan kuma in kin ɗora a sitatus ko kin tura wa kwastoma, WhatsApp zai sake matse hoton ya rage masa nauyi sosai. Abin da ke isa wayar matar da ke Gusau ko Maraɗi bai kai ko rabin abin da kyamarar ta ɗauka ba. Don haka lambar da ke jikin kwali ba ita za ta sayar miki da leshi ba.

Abin da ke raba kyamara da kyamara shi ne girman idon da ke karɓar haske, da ko tana da abin da ke tare rawar hannu, wanda ake rubutawa OIS, sai kuma yadda manhajar wayar ke dafa hoton bayan an ɗauka. A cikin huɗun nan Camon 30 ce ke da OIS a babbar kyamararta, idonta kuma yana da girma. A ɗaki mai ƙarancin haske, ko in kina ɗaukar bidiyo kina bin zanen atamfa da hannu ɗaya, za ki ga bambancin: hoton ba ya dishi-dishi, bidiyon ba ya karkarwa sosai. Wannan gaskiya ce, kuma dole a ba Tecno haƙƙinsa. Ƙananan kyamarorin nan masu megafiksel 2 da ake jerawa a baya kuwa, ki ɗauke su a matsayin ado. Ba su da wani tasiri a hotonki.

To amma ƙorafin kwastomominki ba na dishi-dishi ba ne, na kala ne, kuma wannan ciwo ne daban da sabuwar waya kaɗai ba za ta warkar ba. Wurare uku kala ke sauyawa. Na farko hasken da kika ɗauki hoton a ciki. Ƙwan lantarki mai ja-ja yana mayar da farin leshi ruwan madara, farin ƙwan sola mai shuɗi-shuɗi kuma yana mayar da ruwan hoda ya koma kamar shanshanbale. Na biyu manhajar kyamara. Yawancin wayoyin wannan aji an saita su ne su ƙara wa hoto armashi: ja ya ƙara ja, kore ya ƙara kore, fata ta yi sumul. Ga hoton biki wannan abin so ne, ga mai sayar da yadi kuwa fitina ce, don kwastoma za ta ga jan da ya fi na gaske ƙarfi, in kaya ya iso ta ce an canza mata. Na uku sikirin ɗinki. Duk huɗun AMOLED ne, irin gilashin da ke fito da kala rau, to abin da kike gani a naki ba shi ne mai kallo da tsohuwar waya ke gani ba.

Maganinsa ba ya cin ko sisi. Ki riƙa ɗaukar hoton kaya da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa, a bakin ƙofa ko baranda, inda hasken rana ke shigowa amma ba ya dukan yadin kai tsaye. Ki kashe duk wani abu da aka rubuta wa AI ko gyaran fuska a cikin kyamarar. Ki ajiye farar takarda a gefen yadin, domin da fari wayar ke auna sauran kaloli, in ta ga fari na gaskiya sai ta daidaita. A saitin sikirin ki zaɓi kala ta asali maimakon mai ƙyalli. In za ki tura wa wadda ta nuna da gaske take, ki danna HD kafin ki tura, ko ki aika shi a matsayin fayil don kada a matse shi. Wata mai sayar da mayafai ta taɓa kawo mini wayarta wai in canza mata kyamara saboda irin wannan ƙorafin. Da na duba ba abin da ya sami kyamarar, da daddare take ɗaukar hoto a ƙarƙashin ƙwai mai ruwan ɗorawa. Na ce ta gwada da safe a tsakar gida. Ba ta sake dawowa da wannan maganar ba.

A ganina Samsung ya fi sauran barin kala kusa da yadda take, in an kashe ƙarin armashin. A hasken rana A16 za ta ba ki hoton da ba za ki ji kunyar sa ba. Da daddare kuwa Camon 30 ta fi ta, ba gardama.

Batir: uku daga ciki 5,000mAh gare su, Redmi Note 14 kuma 5,500. Kowacce za ta kai ki dare tana sabuwa. Bambancin yana wajen saurin caji, wanda a ƙasar da wuta ke zuwa ta ɗauke kafin a gama murna ba ƙaramin abu ba ne. Camon 30 tana ɗaukar wat 70, Note 40 wat 45, Redmi 33, A16 kuma 25. In aka kawo wuta ta rabin awa, mai Camon ta samu abin da zai kai ta yamma, mai A16 kuwa ba ta kai rabi ba. Sannan Samsung ba ya sa kan caja a kwalin A16, igiya kawai za ki tarar. Sai kin saya daban, kuma jabunta sun fi na gaske yawa a kasuwa. Ki sa kuɗin caja mai kyau a lissafinki tun yanzu. Note 40 tana yin caji ba tare da igiya ba, abin sha'awa ne, amma yana ɗumama waya, ni kuwa duk abin da ke ƙara wa waya zafi a ƙasar nan ba na murna da shi.

Dalili shi ne zafi ne ke kashe batir, fiye da yawan caji. Kamfanonin waya da kansu suna cewa a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Batiran da nake cirewa sun kumbura, kusan duk labarinsu ɗaya ne: ana caji ana kallon bidiyo, ko an tura ta ƙarƙashin filo, ko an bar ta a gaban mota, ko an kai wurin mai cajin kuɗi an jibge ta cikin wayoyi hamsin kusa da janareto. In kina caji ki cire mata riga, ki ajiye ta a kan siminti ko tayil. A Samsung akwai saitin kare batir da ke tsayar da caji a kashi 80 ko 85. Ranar da kike gida kusa da wuta ki kunna shi.

Ga wani abu da sai mai gyara zai faɗa miki. Kafin ki biya kuɗin kowace waya, ki tambayi nawa ne sikirin ɗinta orijina. Waya za ta faɗi, ko daga hannunki ko daga hannun yara. Sikirin AMOLED na asali yana cin kaso mai tsoka na kuɗin wayar gaba ɗaya, shi ya sa mutane da yawa ke cewa a sa musu kwafi. Kwafin nan yawanci ba AMOLED ba ne, haskensa bai kai ba, kalarsa ta kwanta, ya fi cin batir. Kuma a Camon 30 da Note 40 da Redmi Note 14, wurin ɗora yatsa a ƙarƙashin gilashin yake, to da an sa kwafi ya daina aiki. A16 nata a gefe yake, a jikin maɓallin kunnawa, ko wane sikirin aka sa yana nan yana aiki. Ga wadda manhajar bankinta ke buɗewa da yatsa wannan abin dubawa ne. In an nuna miki masu lanƙwasasshen gilashi, irin Note 40 Pro, ki gode ki wuce. Suna da kyau a hannu, amma gefen ne ke fara dukan ƙasa, sikirin gad ba ya zama a kansu da kyau, canjinsu kuma ya fi tsada.

Wajen samun kayan gyara, Tecno da Infinix ba su da na biyu a Arewa. Su biyun da itel 'ya'yan kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma suna da wurin gyaransu, Carlcare, a manyan garuruwa. Bakin caji, sifika, batir, duk wanda kika nema a Farm Centre ko titin Beirut a nan Kano za ki samu a ranar. Samsung ma kayansa ba sa wuya. Redmi ya yawaita a 'yan shekarun nan, amma a ƙananan garuruwa wani lokacin sai an aiko da kayan daga Kano ko Legas. A16 da Redmi Note 14 da Note 40 suna da alamar IP54, ma'anarta suna jure ƙura da yayyafi, ba faɗawa bokiti ba. Da hunturu in waya ta ƙi caji, kafin ki ce ta lalace a duba bakin, sau da yawa ƙura ce ta daskare a ciki.

Sai abin da ya fi komai nauyi a wurina, wanda kuma ba a gani da ido: shekara nawa kamfani zai ci gaba da aiko wa wayar sabuntawa. Wayarki ba ta kallo ba ce kawai, asusunki ce. Kuɗin mutane na shiga ta cikinta, lambobin kwastomominki suna ciki. Sabuntawar tsaro ita ce ke toshe ɓarakar da ɓarayin intanet ke ganowa, kuma manhajojin banki sukan daina aiki a kan tsohuwar Android bayan wasu shekaru. Samsung ya yi wa A16, wadda ta fito a ƙarshen 2024, alƙawarin sabuwar Android sau 6 da sabuntawar tsaro ta shekara 6, wato har 2030. Infinix ya yi wa Note 40 alƙawarin Android sau 2 da tsaro na shekara 3, ita kuma a farkon 2024 ta fito, na Camon 30 ma kusan haka yake. Lissafin daga ranar fitowar waya yake farawa, ba daga ranar da kika saya ba. Ke da kika riƙe waya shekara huɗu, wannan tazarar ta shafe ki kai tsaye. Ƙari a kan haka, wayoyin Tecno da Infinix da Redmi suna zuwa da manhajoji da yawa da ba ki nema ba, wasunsu suna turo talla. Ana iya gogewa ko kashe yawancinsu, ki sa a yi miki tun ranar farko.

Maganar ƙanenki kuwa, ba shirme ya faɗa ba. iPhone 11 har gobe tana ɗaukar bidiyo mai kyau fiye da duk huɗun nan, kuma injinta ya fi G99 ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma a 2019 ta fito. Batirinta 3,110mAh ne tun tana sabuwa, wanda za ki samu yanzu kuwa ko ya gaji ko an canza shi da wanda ba a san asalinsa ba. Wadda kuɗinki zai saya galibi mai gig 64 ce, ba ta da wurin memori, kin koma gidan jiya ke nan. Yawancinsu layi ɗaya suke ɗauka a jiki, na biyun sai eSIM, wato layin da ba shi da kati. Ita ce kuma mafi tsufa a cikin waɗanda suka samu iOS 26, tsarin iPhone na 2025, alamar ta kusa ƙarshen layi. Wayar hannu sa'a ce: na buɗe da yawa da aka sayar a matsayin ba a taɓa kwancewa ba, na tarar an canza sikirin, an canza batir, wani wurin ma an yi walda a fanel. Saurayin da ke da fawa bank a aljihu, wanda in ta lalace zai iya haƙura da mako guda ba waya, yana iya gwada sa'arsa. Wadda cinikinta ke tsayawa cak ranar da waya ta mutu, ban ba ta wannan shawarar ba.

5G kada ya ɗauke miki hankali. MTN ya fara shi a 2022, Airtel ya biyo a 2023, amma har yanzu a wasu unguwanni na manyan birane yake. A wannan kuɗin, wayar da aka sa wa 5G sai an rage mata wani abu a sikirin ko kyamara ko ma'ajiya. 4G mai kyau ya ishe ki tura hoto da bidiyo.

To, wacce? Da ƙanwata ce ke wannan sana'ar, A16 zan saya mata, amma da sharaɗi: mai RAM gig 6 ko 8, da caja ta gaskiya mai wat 25. Dalilina shi ne, raunin A16 abubuwa ne da ke hannunki. Ƙarancin haske kina iya maganin sa da fitowa baranda, jinkirin caji kina iya maganin sa da fawa bank. Amma sabuntawar tsaro in kamfani ya daina aikowa, babu mai gyaran da zai iya sa miki ita. In kin tarar da A17, ƙanwarta ta 2025, a farashin da bai yi nisa ba, ki ɗauke ta, don an ƙara mata OIS ɗin da A16 ta rasa. In kuwa kuɗin bai kai ga mai gig 6 ba, sai mai 4, to ki bar Samsung ɗin, alƙawarin shekara 6 ba shi da amfani a kan wayar da za ta gundure ki a shekara ta biyu. A nan Camon 30 ce zaɓina, musamman in yawancin hotunanki a cikin shago kike ɗauka ko kina yawan yin bidiyo, kuma kin yarda ba za ki daɗe da ita ba za ki canza. Redmi Note 14 ita ce ta wanda batir da hasken sikirin a rana suka fi damu, ga sifika biyu ga wurin sa iyafis, wanda A16 ba ta da shi. Note 40 waya ce mai kyau, sai dai abin da ta fi sauran da shi, cajin nan marar igiya, ba ya cikin buƙatunki.

Ranar saye, ki tambayi farashi a shago uku kafin ki ciro kuɗi, ko a PZ ta Zariya ne ko kin shigo Kano. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashin waya yake bin dala, wani shagon yana sayar da tsohon kaya a tsohon farashi, wani ya riga ya ƙara. Wanda ya yi ƙasa da kowa sosai kuma, ki tambayi kanki dalili. A buɗe kwalin a gabanki. Ki danna *#06#, lambar IMEI za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali, dole su zo ɗaya. Ki shiga saiti ki ga RAM da ma'ajiya da idonki, kada ki tsaya a kan abin da aka faɗa miki. Ki sa layinki ki yi kira, ki gwada kyamara gaba da baya, ki jona caji ki ga yana shiga. A rubuta miki rasit mai sunan shago da kwanan wata da lambar IMEI ɗin, ki tambayi wata nawa ne garanti kuma ina ake kai ta in ta samu matsala. Rasit ɗin nan ki adana shi tare da kwalin. Shi ne shaidarki wurin garanti, shi ne kuma shaidarki in an sace ta ko wata magana ta taso.

In an yi miki tayin biya kaɗan-kaɗan, ki ce a faɗa miki jimillar abin da za ki biya daga farko zuwa ƙarshe, ki gwada da farashin kuɗi hannu. Ki kuma sani irin waɗannan wayoyin ana kulle su daga nesa in biya ya yi jinkiri, ko da kina tsakiyar ciniki. Tunda kin riga kin tara kuɗinki, ban ga abin da zai kai ki can ba.

Kafin ki bar tsohuwar, ki yi wa WhatsApp ajiya a Google Drive, kuma ki cire bidiyo daga cikin ajiyar, domin tun 2024 ana lissafa ta a cikin gig 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Ki tabbatar kin san adireshin Gmail ɗinki da lambar sirrinsa, ki rubuta a takarda ki ɓoye, don mutane da yawa wani ne ya buɗe musu a shago suka tafi ba su karɓa ba. A sabuwar kuma, ranar farko ki sa wa layin da ke haɗe da bankinki lambar PIN ta SIM. Masu ƙwacen waya sau da yawa layin suke cirewa su sa a wata ƙaramar waya su nemi shiga asusu da lambobin USSD, amma layi mai PIN ba ya buɗewa a wata wayar sai da lambar. Ki ajiye katin da layin ya zo a jikinsa, a nan lambar PUK take, ita za ki nema in kin yi kuskuren PIN sau uku.